Ɗan sarki ba gari: yadda Bejita ya yi hankali

A majalisun matasan Katsina masu bin katun ɗin Japan, ko a Ƙofar Ƙaura ne ko a Ƙofar Marusa, akwai musun da ba ya tsufa: tsakanin Goku da Vegeta, wanda bakinmu ya mayar Bejita, wa ya fi? In ƙarfi ake nufi, ɓata yawu ne, don mai labarin ya riga ya yanke hukunci, kuma Bejitan da kansa ya amsa. Abin dubawa shi ne Goku na farkon labari da Goku na ƙarshensa mutum ɗaya ne, ƙarfi kawai ya ƙaru. Bejita kuwa ya shigo yana kashe abokin tafiyarsa don ya kasa tashi, ya ƙare yana ƙin fita horo saboda matarsa na da tsohon ciki. Tsakanin nan da can tafiya ce mai nisa, kuma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce.

Dragon Ball aikin Akira Toriyama ne, mai zane ɗan ƙasar Japan da ya mutu a watan Maris na 2024 yana da shekara 68. Labarin ya fara fitowa a mujallar Weekly Shonen Jump a 1984, mako-mako, har 1995. Kamfanin Toei ya mayar da shi katun, kuma kashin da ake kira Dragon Ball Z, inda Bejita ya shigo, an nuna shi daga 1989 zuwa 1996, fitowa 291. Mu nan wasu a tashoshin Larabawa na dish suka fara ganinsa, wasu a faifai, yaran yanzu kuma sai su kai waya shagon masu turi a zuba musu.

Kafin a zargi Bejita da girman kai, a duba inda ya samo shi. Ɗan sarkin wata ƙabila ce ta mayaƙa da ake kira Saiya, kuma duniyar tasu ma sunan gidansu take ɗauke da shi. A wurinsu tun ranar haihuwa ake auna ƙarfin jariri a yanke masa matsayi. Goku, wanda sunansa na gida Kakarot, an auna shi ya ba da 2 kacal, aka ajiye shi a sahun ƙasƙantattu. Bejita tun yana ƙarami ya zarce manya. Sai Firiza, azzalumin da ƙabilar ke yi wa aikin ƙwace duniyoyi, ya ji tsoron kada su fi ƙarfinsa, ya kashe sarkin, ya tarwatsa duniyar da mutanenta, ya ce wa 'yan tsirarun da suka rage wani dutse ne ya faɗo daga sama. Yaron ya tashi yana yi wa wanda ya kashe ubansa bauta, yana rusuna masa. To ɗan sarkin da ba gari, ba talakawa, ba fada, me ya rage masa? Sunan kawai. Shi ya sa ba ya minti biyar bai tuna wa mutane shi wane ne ba. Duk ranar da aka nuna masa jinin sarauta ba ya ba da fifiko, ba shi da sauran abin riƙewa a duniya.

Kuma abin da ya tarar ke nan a zuwansa na farko duniyarmu, inda Goku ya girma. Ya sauka da ƙarfin da na'urarsu ta auna 18,000, tare da Nafa, barden da ke tare da shi tun yarinta. Da Goku ya karya Nafa, Nafan ya miƙo hannu yana neman taimako, Bejita ya kama hannun, ya cilla shi sama, ya ƙone shi. Dalilinsa: Basaiyen da ba ya iya motsi ba shi da amfani. Daga nan aka gwabza, kuma ba Goku kaɗai ya kayar da shi ba. Taron dangi aka yi masa: wani matsoraci mai ƙiba ya lallaɓo ya sare masa wutsiyar da ke mayar da Basaiye ƙaton biri, ƙaramin yaro Gohan, ɗan Goku, ya rikiɗa ƙaton biri ya faɗo masa a ka. Ya rarrafa zuwa kumbonsa jina-jina, Kirilin abokin Goku ya biyo shi da takobi ya ɗaga zai gama da shi, sai Goku, wanda shi ma ba ya iya ɗaga yatsa, ya roƙi a ƙyale shi. Ba tsabar tausayi ba ne, shi ma ya faɗa cewa son ransa ne, yana so su sake karawa. Amma ga Bejita wannan afuwar ta fi dukan ciwo. Kashe shi da an yi, da ya mutu ɗan sarki. Barinsa da rai da aka yi, bisa alfarmar wanda aka haifa da 2, shi ne miki da ya yi ta sosawa har kusan ƙarshen labari.

A duniyar Namek ya haɗa kai da su Kirilin da Gohan, kuma a nan masu kallo da yawa ke cewa ya fara shiryuwa. Ban yarda ba. Lissafi ne kawai. Yana neman wasu ƙwallaye da in an haɗa su wani dodo ke fitowa ya cika buri, don ya samu rashin mutuwa ya kifar da Firiza, kuma a kan hanya ya shiga wani ƙauyen 'yan Namek, manoma marasa laifi, ya kashe su kaf don ƙwallo ɗaya. Da Firiza ya gama wasa da shi ya huda masa ƙirji, ya kwanta cikin ƙura yana hawaye, yana roƙon Goku ya ɗaukar wa ƙabilarsu fansa. Wurin yana taɓa zuciya, har Goku ya haƙa rami ya binne shi da hannunsa. Sai dai a saurari abin da yake wa kuka: wulaƙancin da aka yi masa, da ubansa, da jininsu. Ko kalma ɗaya babu game da waɗanda shi ya kashe. Hujjar ma ta zo nan kusa. Da aka roƙi dodon ya dawo da duk wanda Firiza da yaransa suka kashe (a duniyar labarin mutuwa ƙofa ce mai buɗewa ta baya, tatsuniya ce, kada a ɗauke ta da zafi), Bejita ya tashi, amma mutanen ƙauyen nan ba su tashi ba, saboda lokacin da ya kashe su ya riga ya bar yi wa Firiza aiki. Shi ya bayyana wa sauran dalilin, yana murmushin mugunta. Abin da kawai ya sauya a Namek shi ne a karon farko ya buɗe baki ya roƙi wanda yake gani a ƙasa da shi.

Sai kuma aka ƙara masa gishiri a miki. Ƙabilar na da tsohon zance cewa wani gwarzo zai bayyana, Sufa Saiya, kuma Bejita ya tashi da tabbacin shi ne. Goku ya riga shi. Bejita ya tare a gidan su Bulma, ƙawar Goku wadda daga baya ta zama matar Bejitan, ba don yana son kowa ba, don mahaifinta na iya ƙera masa ɗakin horo. Goku ya yi horo a nauyin da ya ninka na duniya sau 100, shi ya ce sai 300. Ya kai matakin kuwa, gashi ya koma ruwan zinare, ya ragargaza mutum-mutumi mai lamba 19, ya dawo yana ƙafafa kamar ba a taɓa kayar da shi ba. Ba a jima ba mai lamba 18 ta karya masa hannu a gefen titi.

Wannan zangon shi ne mafi muni a halinsa, ko da yake a lokacin ana lissafa shi cikin mutanen kirki. An harbo jirgin da ke ɗauke da Bulma da jaririnsu Tiranks a gabansa, ko waiwaye bai yi ba, sai wani saurayi ne ya cece su, wanda kuma shi ne Tiranks ɗin da ya girma ya dawo daga zamani mai zuwa. Sannan ga babbar katoɓara. Ya sami Sel, dodon da ke haɗiye mutane, ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, saura ya gama da shi kowa ya huta. Sel ya karanci mutumin sarai, ya ce masa ai da zai bar shi ya haɗiye mai lamba 18 ya cika, da ya ga abokin karawa na gaske. Bejita ya yarda. Da ɗansa ya yi yunƙurin hanawa, ɗan ya kai wa hari. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: Sel ya cika, ya tsaya cak ya bar shi ya yi ta duka, sannan ya sumar da shi. Duk abin da ya biyo baya, har da mutuwar Goku, daga wannan yardar ya taso.

Na taɓa zama ina kallon wannan zangon da ɗan yayata a waya, muna zaure bayan la'asar. Da aka zo wurin jirgin na yi tsaki, sai ya ce, "Kawu, ai kunya ce irin ta ɗan fari. Baba ma bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kuma ko sallah ce ba ya ɗaukarsa a gaban mutane." Na ce masa, "To ɗana, ranar da yayanka ya kwanta zazzaɓi, wa ya kwana a tsaye a ƙofar asibiti?" Ya yi dariya ya ce Baba ne. Mu da ake yi wa kirari da ɗakin kara mun san uban da ke kawar da kai daga ɗansa na fari idonsa na kansa ta gefe, kuɗin makaranta ba ya latti, kuma kowa a gidan ya san wa ake ji da shi. Na Bejita a lokacin ba kawaici ba ne, babu yaron ne a lissafinsa sam. Amma yaron nan bai yi kuskure duka ba, ya dai riga labarin ne. Bejita zai zo ya zama irin uban da yake nufi, kuma mafarin hakan shi ne lokacin da Sel ya huda ƙirjin babban Tiranks ya faɗi matacce. Mutumin da bai taɓa kai hari don wani ba ya yi kururuwa ya afka wa Sel, ya san ba zai iya ba. Mari ɗaya aka yi masa. Gohan ya tare masa harin da zai kashe shi, ya rasa amfanin hannu guda. Bejita na kwance ya ce wa yaron ya yi haƙuri. Ɗan sarki ya ba ɗan talaka haƙuri, kuma yaro. Daga baya shi ya harbi Sel ta gefe, ya ɗauke masa hankali na ƙiftawar ido, Gohan ya gama aiki. Ya karɓi matsayin mai taimako, abin da a da ya gwammace mutuwa da shi.

Da marubuci mai gaggawa ne, nan zai rufe littafin gyaran hali. Toriyama, wanda ya taɓa cewa a wata hira Bejita bai wani kwanta masa a rai ba amma ya yi masa amfani ƙwarai, ya yi abin da ya fi kama da rayuwa: ya mayar da shi baya.

Shekara 7 sun wuce. Bejita na zaune da mata da ɗa, ana zaman lafiya. Aka ba Goku izinin kwana ɗaya ya dawo daga lahirar labarin don gasar faɗa, Bejita ya ga damar da ya daɗe yana jira, sai ga wani boka mai suna Babidi ya ɓata shirin. Sihirin bokan yana kama wanda ke da mugunta a zuciya, ya ƙara masa ƙarfi, ya buga masa harafin M a goshi. Bejita na iya turjewa, shi ya buɗe ƙofa da gangan. Ya harba wuta cikin 'yan kallo ya kashe jama'a, kusa da inda matarsa ke zaune, don kawai ya tilasta wa Goku faɗa. A tsakiyar faɗan ne ya faɗi dalilin, kuma a ganina nan ne zuciyar labarinsa gaba ɗaya. Ya ce ya wayi gari ya ga ya yi iyali, ya fara jin daɗin zama a wannan duniya, ya yi laushi, kuma abin ya ba shi tsoro. Yana so a mayar da shi mugun da yake a da. Wato ba mugunta ce ta rinjaye shi ba, alherin da ya tsiro masa ba da izininsa ba ne ya firgita shi. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon ɗan daba ya yi aure ya natsu, sannan rana ɗaya ya koma wa tsofaffin abokai don kada a ce mace ta gama da shi, ya san wannan tsoron. Goku ya ce masa ƙarya yake, bai manta da su Bulma ba. Kuma gaskiya ne: bokan ya ba shi umarni ya ƙi bi, sihirin ya kama jiki bai kama kan ba.

Ƙarfin da suka zubar a faɗan shi ya farkar da Majin Bu, dodon da bokan ke neman tayarwa. Karo na biyu ke nan son ransa na buɗe wa duniya bala'i. Bambancin shi ne wannan karon bai jira wani ya share masa ba. Ya sumar da Goku ta baya, ya tafi shi kaɗai. Da ya ga duka ba ya yi wa Bu komai, ya kira Tiranks, yaro ɗan shekara 8, ya ce masa ya kula da mahaifiyarsa. Ya ce tun yana jariri bai taɓa rungumarsa ba, ya jawo shi jikinsa da hannu ɗaya. Yaron ya rikice, kunya ta kama shi, yana cewa Baba mene ne haka. Sai uban ya sare shi a wuya ya sume, ya sa Fikolo, ɗan Namek ɗin da ke yaƙi tare da su, ya ɗauke shi da abokinsa su yi nisa.

Kafin Fikolo ya tafi, Bejita ya tambaye shi ko zai haɗu da Kakarot a can. Fikolo bai yi masa kara ba. Ya ce a'a, ka kashe bayin da ba su ji ba su gani ba da yawa, inda za a kai ka dabam ne. Bejita ya ce to shi ke nan, ya tara duk ƙarfinsa ya tarwatsa kansa. Wannan amsar ta Fikolo ita ta hana wurin zama wasan yara. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa nadama ba ta goge haƙƙin mutane sai an biya ko an yafe, ba mu buƙatar dogon bayani a nan. Ya yi abin da ya yi bayan an gaya masa babu lada, babu yabo, babu ko sake ganin abokin hamayyar. Kuma marubucin ya ƙara mugunta: Bu ya harhaɗa jikinsa ya tashi garau. Sadaukarwar ba ta kashe kowa ba sai mai ita.

Ko bayan nan halin bai bar shi ba, hali zanen dutse. Da aka dawo da shi, yana nan a matsayin matacce, don a ƙarasa yaƙin, fushi ya zo da shi, saboda ya gano Goku ya ɓoye masa wani mataki na uku na Sufa Saiya a faɗansu, wato lallaɓa shi aka yi. Ya ƙi sa ɗan kunnen da zai haɗe su su zama mutum ɗaya, sai da aka gaya masa Bu ya cinye Bulma ya haɗiye Tiranks. A karawar ƙarshe ne, yana tsaye gefe yana kallon Goku, ya yi wa kansa hisabi. Da ya zaci sirrin Goku shi ne yana da waɗanda yake karewa, to ga shi shi ma yanzu yana da su. Sai ya gane shi yana faɗa ne don ya taka wani ya ji daɗi, Goku kuwa don ya wuce inda ya tsaya jiya, shi ya sa ba ya damuwa da kashe wanda ya kayar. Ya ce Kakarot ne na ɗaya. Goku bai ji ba, kuma ba don ya ji aka faɗa ba. Daga nan ya shiga ya tare Bu don ya sama wa Goku minti ɗaya, alhali an gargaɗe shi cewa matacce in ya sake mutuwa ya shafe ke nan har abada.

Dabarar da ta ci yaƙin ma tasa ce: a roƙi dodon Namek ya dawo da duniya da mutanenta ban da miyagu, sannan mutanen su ɗaga hannu su ba da ƙarfinsu, su ma su ceci kansu sau ɗaya. Da aka yi roƙon, sai ga shi cikin waɗanda suka tashi. Labarin ya cire shi daga sahun miyagu ba tare da wani ya yi jawabi ba. Abin dariyar shi ne da ya yi wa mutanen duniya magana, da tsawa ya yi ta kamar mai ba dogarai umarni, suka ƙi kula shi, sai da Mista Satan, maƙaryacin gwarzon da suka yarda da shi, ya sa baki.

Dragon Ball Super, da aka nuna daga 2015 zuwa 2018, bai ƙara wani babban gini a kan wannan ba, ya dai nuna mutumin a zaune cikin sabon halinsa. Ya ƙasƙantar da kai har da yin girki a gaban jama'a don kada Birus mai hallaka duniyoyi ya fusata a bikin Bulma, amma da Birus ya mare ta, ya manta da tsoro ya afka masa. Ya ɗauki wani saurayi Kabba a matsayin almajiri, ya koya masa da zagi da barazana, irin koyarwar da shi ya sani. Ya zauna gida jiran haihuwar 'yarsa, Goku kuwa ko a jikinsa. Har yanzu yana cewa shi ɗan sarki ne, har yanzu yana rantsuwar sai ya wuce Kakarot. Wani lokacin ma masu rubutun kan sa shi ya maimaita darasin da ya riga ya koya, wanda ke gundurar mai kallon da ya biyo shi tun farko.

Bashi ɗaya ne labarin ya daɗe bai waiwaya ba, na ƙauyen nan na Namek. Sai a littafin zanen Super, wanda Toyotaro ke zanawa, a zangon wani mugu mai suna Moro, kusan shekara 30 bayan masu karatu sun ga kisan, aka mayar da Bejita gaban 'yan Namek. Ya amsa cewa ya zalunce su, ya tsaya ya kare waɗanda suka rage, ya je har wata duniya ya ƙasƙantar da kai ya koyi dabarun da a da yake rainawa don ya iya. Bai nemi a ce ya wanku ba. A zangon ne ma ya gaya wa Moro cewa shi kansa mugu ne, kuma ya san wuta ce makomarsa.